Je Ka Dawo

Duk wadda ta tashi a gidan tela ta san ma'anar "je ka dawo", ba sai an fassara mata ba. Ni da ita aka yaye ni. Tun ina rarrafe a ƙarƙashin teburin yanka ina tsintar ƙyallaye nake jin Baba yana faɗa wa mutane ita, kai a sunkuye, ƙafa tana kan feda, alhali yadin mutum yana nan a ninke yadda ya kawo shi, ko alli bai taɓa shi ba. Mai wayo in ya ji ta sai ya nemi wani telan. Mai haƙuri kuwa ya yi ta zarya har takalminsa ya cinye.

Shi ya sa ranar da Kurma ya je neman izinin aurena, ya fito daga shagon Baba ya same ni a bakin layi, na tambaye shi me aka ce, ya ce an ce ya je ya dawo, sai na san magana ta ƙare.

Shi har da ɗan murmushinsa, wai ai ba a kore shi ba. Ni na ja shi gefe na yi masa bayani ina kuka. Da na koma gida na gaya wa Umma, ajiyar zuciya kawai ta yi ta ce, "Auta, sai haƙuri. Babanki ba ya iya cewa a'a, wannan ce a'ar tasa."

Kurma ba kurma ba ne. Abokansa ne suka laƙaba masa, saboda kullum abin sauraron kiɗa yana manne a kunnuwansa, sai ka kira shi ka gaji bai juyo ba. Waƙar hip-hop yake yi, irin wadda ake jero magana da sauri a kan kiɗa. A lokacin babu wanda ya san shi sai 'yan layinsu da ni, kuma ni ba don waƙar nake son sa ba. Ina son sa ne don in ina magana yakan cire abin kunnen nan ya ajiye a aljihu, ya dube ni kamar ba shi da wani aiki a duniya.

Baba kuwa tun da ya ji labarinsa ya ce shi bai haifi 'yar da zai ba mai surutu a kan kiɗa ba. Gwaggo, yayar Baba, ta kama wannan magana ta riƙe gam, don ita tana da nata ɗan takarar: Mai Taya, wanda yake da shagon sayar da tayoyin mota a babban titi. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Aibinsa ɗaya, duk hirar da ka ɗauko sai ya kai ta kan taya. Na taɓa ce masa kaina yana ciwo, ya ce haka mota take yi in iska ta yi mata yawa.

Bayan ranar shagon nan Kurma ya ɗauke ƙafa daga layinmu. Ya ce ba zai yi ta yawo a ƙofar dattijon da ya sallame shi ba, rashin kunya ce. Muna dai waya, amma wayar ta koma kamar gaisuwar mara lafiya. Ina zuwa makarantar firamaren da nake koyarwa, ina dawowa, ina ramewa. Gwaggo tana zuwa tana tafiya, kullum da sabon labarin alherin Mai Taya. Baba bai taɓa ce mini uffan ba, sai dai wani lokacin in kama shi yana kallona ta saman tabarau.

Watanni suka shuɗe a haka. Rannan Gwaggo ta shigo da fara'arta ta ce Baba ya yi mata alkawari, in wata ya ƙare zai zauna ya saurari mutanen Mai Taya. Ba dole za a yi mini ba, na sani. Amma na san kaina, in Baba ya dube ni ya ce ga abin da yake so, bakina ba zai iya musu ba.

Abin da ban sani ba shi ne, duk tsawon lokacin nan akwai wani abu a wayar Kurma.

Yana da wata ɗabi'a: duk ƙarar da ta yi masa daɗi sai ya naɗe ta. Bugun maƙeri, ɗigar famfo, ƙarar ƙofar da ba a sa wa mai ba. A ranar da ya je wurin Baba, ya tarar da shi yana ɗinki, ya zauna a benci yana jira. Keken ɗinkin Baba tsoho ne, na ƙafa, yana da wata tafiya tasa: taka-taka-taka, sai bel ɗin ya ɗan yi ƙiii, ya sake ɗauka. Kurma ya ji abin ya shiga jikinsa, ya danna naɗi don ya rage fargaba, ya jefa wayar a aljihun gaba, ya manta da ita. Duk abin da aka faɗa a shagon ya shiga.

Daga baya ne ya ba ni labarin yadda aka yi waƙar. Situdiyon abokinsa ne, wani da suke kira Injiniya, ɗan ɗaki a bayan shagon aski, an manna kwalayen ƙwai a bango don kada ƙarar waje ta shigo. In za a ɗauki murya sai an kashe fanka, mutum ya yi ta jero baiti gumi yana shiga masa ido. Kurma ya je ne da baitocin baƙin ciki, Injiniya ya saurara ya ce kalmomin sun yi, amma kiɗan kamar na kowa. Suna cikin laluben tsofaffin sautukan da ke wayar, sai keken Baba ya tashi a sifika.

Kurma ya ce Injiniya miƙewa ya yi tsaye.

A kan tafiyar keken suka gina komai. Suka sa ganga mai nauyi a ƙarƙashi, suka bar ƙiii ɗin bel a inda yake. Da naɗin ya kai wurin da Kurma ya gama roƙonsa, sai keken ya tsaya cak. Shiru. Sannan muryar Baba: "Je ka dawo." Injiniya ya ce wannan shi ne amshi, kuma wannan shirun shi ne waƙar gaba ɗaya, wanda ya taɓa shi sai sun yi faɗa.

Kurma ya ƙi. Ya ce muryar surukin da bai samu ba ce, ba zai sa ta a kasuwa ba. Ya gwada faɗar kalmar da bakinsa, ba ta zauna ba. Injiniya ya gwada, mai askin ma an kira shi ya gwada, duk kamar wasan yara. A ƙarshe suka yi sulhu: Injiniya ya danne muryar a kwamfuta, ya yi mata kauri har ta koma kamar daga cikin randa take fitowa, suka rarrashi kansu cewa babu mai ganewa.

Ni a motar haya na fara jin ta, ina dawowa daga makaranta. Direba ya ƙara murya, samarin da ke baya suka hau gyaɗa kai. Kafin a fara baiti na gane keken, don wannan ƙiii ɗin ko a mafarki na ji shi na san na gidanmu ne. Sai muryar Kurma:

Na shigo da magana fal a baki,
tsoho na kan keke yana ta aiki,
zuciya na dukan ƙirji ba sauƙi…

Kiɗa ya ɗauke ɗif. Motar gaba ɗaya ta yi tsit, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ɗaga yatsa tana jira. Sannan kowa ya haɗa baki da muryar cikin randa: "Je ka dawo!" Aka fashe da dariya. Ni kaɗai ce na sauka tun ban kai tashata ba.

A bakin titi na kira shi, ya zo a guje. Ban bari ya gama sallama ba.

"Babana ne ka mayar abin dariyar gari?"

"Wallahi ba dariya na nufa ba, Auta. Ki saurari baitocin, babu inda na zage shi."

"Su waɗancan baitoci suke saurare? Amshi suke jira! Da ina da ɗan fata, ina cewa wata rana zai huce. Yanzu ranar da ya ji wannan, ko sunanka ba za a ƙara ambata a gidanmu ba."

Ya cire abin kunnen ya riƙe a hannu. Ya ce shi ma tun da waƙar ta fita bai yi barcin kirki ba. Ya ce shekara da shekaru yana roƙon Allah ya sa mutum goma su ji waƙarsa, ga shi yau gari ya ɗauka, shi kuma addu'a yake ta mutu. Ya ce zai sa a sauke ta. Na ce a sauke ta daga ina, daga bakin mutane? Muka tsaya muna kuka kamar yaran da suka fasa tulu, masu wucewa suna kallonmu, wani ma ya gane shi ya ce don Allah su ɗauki hoto.

Waƙa kam ta tashi. Gidajen rediyo suka ɗauka, masu shago suka ɗauka, masu wankin mota suka ɗauka. 'Yan mata suna yin bidiyo, in an zo wurin shirun sai su daskare kamar gunki, sannan su kaɗa hannu. Mai bin saurayi, mai neman aiki, mai jiran makanike, kowa ya ce da shi ake. A ajina na tura wata yarinya ta wanko hannu, ajin gaba ɗaya ya amsa mini da "je ki dawo". Aka fara kiran Kurma hira, ana tambayarsa muryar wa ce, yana cewa sirrin sana'a ne.

A gidanmu kuwa muka shiga aikin gadi. Umma, da na gaya mata, ta dafe ƙirji, sannan ta tashi ta cire batirin rediyon Baba ta ce ya mutu. Ya sayo wani, ta ce wannan ma jabu ne. In mai kiɗa ya biyo ta layi sai ta hau jan turmi ko ta ƙwala mini kira ba dalili. Sa'armu ɗaya, Baba ba ya jin komai in keke yana tafiya, kuma keke ba ya tsayawa.

Sai dai mutanen layinmu ba a yi musu wayo. Duk wanda Baba ya taɓa ɗinka wa riga ya san wannan murya ko an sa ta a rijiya. Shago ya fara cika. Samari suna kawo yadi ba don suna buƙatar riga ba, sai su tsaya suna tambayar yaushe za a gama, waya a ɓoye a hannu. Baba ya ce musu je ka dawo, su fita suna tuntsira dariya. Da yamma ya shigo gida yana cewa bai san me ya samu yaran zamani ba, ciniki ya buɗe amma duk kamar masu taɓin hankali. Ni da Umma ba mai iya kallon wata.

Ana saura kwanaki wata ya ƙare, abin da muke gudu ya faru.

Ranar ba makaranta, ina tsakar gida ina wanki, Umma ta shigo mayafi a karkace ta ce in taso, Baba yana kira a shago, kuma ya ce a kira "yaron nan". Mai Taya ne ya je gaishe shi tare da Gwaggo, ya ga abin ya ishe shi, ya ce shi ba zai iya gani ana wasa da mutuncin dattijo ya yi shiru ba. Ya ciro waya ya kunna masa.

Ban san yadda na isa shagon ba. Na tarar da Gwaggo a kan kujerar masu jira tana huci, Mai Taya a tsaye ya harɗe hannu, Baba a kan kekensa, ba ya ɗinki. Wannan kaɗai ya isa ya tsorata ni. Na raɓe kusa da teburin yanka, Umma ta tsaya a bakin ƙofa. Ba a jima ba Kurma ya shigo, ba abin kunne, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

Gwaggo ce ta fara. Ta wanke shi tas, ta haɗa da ni, ta haɗa da Umma da ta ce da saninta aka yi. Baba ya bar ta har ta gaji, sannan ya dubi Kurma.

"Muryata ce?"

"Taka ce, Baba."

"Wa ya ba ka?"

"Babu. Na yi kuskure, kuma ba ni da abin cewa sai haƙuri. Duk abin da ka ce a yi da waƙar, shi za a yi."

Baba ya ce kuskure kam an yi, kuma ba ƙarami ba, don ba a ɗaukar muryar mutum kamar ana tsintar ƙyalle a ƙasa. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi ma, an ɗauka kuma an lalata, an mayar da shi kamar kwaɗo a cikin kwalbati. Mai Taya ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

Sai Baba ya miƙa hannu ya ce a sake kunnawa.

Mai Taya ya kunna da sauri. Keken ya tashi a cikin wayar, taka-taka-taka, ƙiii, a gaban keken gaske da ke tsaye. Na rufe ido. Baiti ya wuce, kiɗa ya ɗauke.

"Tsaya nan," in ji Baba. Ya juya wajen ƙofa. "Ke, me kika ji?"

Umma ta ce ba ta ji komai ba.

"Yaya, ke fa?"

Gwaggo ta ce me za ta ji, ai shiru ne.

Ya dubi Kurma. "Wannan shirun, ku kuka yanka shi da na'urarku, ko haka kuka same shi?"

"Haka yake, Baba. Ba mu taɓa shi ba. Injiniya ya ce ko da wasa kada a taɓa."

"To, shi Injiniyan ya fi ku hankali, ku duka." Ya cire tabarau ya ajiye a kan keke. Ya sake duban Umma. "Tun da aka kawo ki gidana kike jin ina cewa mutane su je su dawo. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, kin taɓa ganin na ɗaga ƙafata daga kan feda don in faɗa?"

Na ga hannun Umma ya tafi a hankali ya dafe ƙofa.

Ni ma sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk "je ka dawo" da na taɓa ji a rayuwata, a cikin ƙarar keke na ji ta. Baba ba ya tsayawa, ba ya ɗagowa, yana faɗa ne kamar yana korar ƙuda. Ban taɓa jin ta a cikin shiru ba sai a waƙar nan, kuma na ji ta sau ba adadi ban lura ba.

"Na tsayar da aikina," in ji Baba. "Na ɗago na dube ka. Na ce ka je ka dawo, don in yi tambaya a kanka, in san ɗan wa zan ba 'yata. Ban rufa mako ba na gama tambayata. Kullum in na ji sallama sai in ɗaga kai. Ka iya kai muryata kunnen duniya, amma ba ka iya tako ƙafarka ka dawo layin nan ba?"

Kurma ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Umma ce ta cece ni, ta ce laifin namu ne mu biyu, mu muka fassara masa. Ta ce amma shi ma Baban, mutum ya ga 'yarsa tana ramewa a gabansa, ba zai buɗe baki ya ce wani abu ba? Baba ya ce shi uba ne, ba a san uba da aika wa saurayi ya zo ya karɓi 'ya ba. Ya ga yaro bai dawo ba, ya ga Auta ba ta ƙara ambatonsa ba, ya ɗauka sun rabu ne take jinya. Shi ya sa ma ya ce wa Yaya zai saurari nata.

Gwaggo ta ce to ai maganar tana nan, kuma ba shi ne da bakinsa ya ce ba zai ba mai surutu a kan kiɗa ba? Baba ya ce ya faɗa, kafin ya gan shi. Ya ce duk mai shigowa shagon nan jira yake keke ya yi shiru ya yi magana, wasu ma har shawara suke ba shi ya jefar da shi ya sayi na lantarki. Mai Taya ya sunkuyar da kai, don shi ne mai shawarar. Amma yaron nan, in ji Baba, ya zauna a bencin can yana sauraron keken kamar ana yi masa karatu, har yana gyaɗa kai daidai inda bel yake zamewa. Ya ce wanda ya iya sauraro haka, zai iya zama da mace.

Daga nan ya tashi. A bangon shagon akwai ƙusa da ake rataye kayan da masu su ba su zo karɓa ba, kuma akwai wata riga ruwan toka a cikin leda da ta daɗe a wurin, har na taɓa kaɗe mata ƙura ina tsine wa mai ita a zuci. Baba ya sauko da ita ya jefa wa Kurma a cinya.

"Da ido na auna ka ranar. Sa mu gani."

Umma ta ce, "Ikon Allah. Rigar da ba a kawo yadi ba, ba a yi zarya ba, ita ce aka gama a kan lokaci?"

A nan kukan da nake riƙewa ya ƙwace, amma ba irin na watannin baya ba ne. Ji na yi kamar an sauke mini buhun da na manta ina ɗauke da shi. Na durƙusa na kama gwiwar Baba ina ba shi haƙuri, ya ce in tashi kada in jiƙa masa yadin mutane, amma hannunsa yana kaina bai ɗauke ba.

Mai Taya ya yi abin da ya ƙara masa daraja a idona. Ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce shi ya zo ne ya kare mutuncin Baba, kuma ya ga mutuncin yana nan daram, Allah ya sa alheri. Ya ce dama taya in ba ta motar ba ce ko an ɗaura ba ta tafiya. Ya fita. Gwaggo ta bi shi da ido, ta ja tsaki, ta ce ita dai ba ta ga abin so a waƙar da rabinta shiru ne ba. Amma da za ta gyara zama na ji tana taka-taka-taka da yatsa a hannun kujera.

Kurma ya sa rigar a kan ta jikinsa, duk da haka ta yi masa yawa. Kafaɗun suka zubo, hannun ya rufe yatsunsa. Baba ya zagaya shi yana taɓa nan yana taɓa can, ransa a ɓace, ya ce idonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, yaron ne ya zube. Umma ta ce ai ba shi kaɗai ba, a dubi Auta.

Kan maganar waƙa, Baba ya kafa sharaɗi biyu. Na farko, a cire kwaɗon nan a mayar masa da muryarsa yadda Allah ya ba shi, in za a ji shi a ji shi da kyau. Na biyu, duk wanda ya sake tambayar muryar wa ce, a ce ta surukinsa ce, tela, kuma yana karɓar ɗinki. Kurma ya ce an gama. Aka yi hakan kuwa daga baya, kuma mutane suka ce ta biyun ta fi ta farko daɗi, ko da yake Injiniya har yau bai yarda ba.

Baba ya karɓi rigar, ya koma kan keke, ya mayar da tabarau, ya ɗora ƙafa. Taka-taka-taka, ƙiii. Shagon ya koma yadda na san shi tun ina yarinya.

Kurma ya matsa kusa, yana murza hannu. Ya tambaya a hankali yaushe zai zo ya karɓi rigar.

"Je ka dawo," in ji Baba, kai a sunkuye, ƙafa tana tafiya.

Umma ta toshe baki da mayafi. Na ce a zuciyata, wannan riga kam sai dai 'ya'yanmu su sa.

Kurma ya ƙara matsowa. Sannan ya sake cewa, "To Baba, manyana fa? Yaushe zan kawo su?"

Ba wanda ya dubi bakin Baba. Ni da Umma da Kurma, har da Gwaggo da ta leƙo daga kujerarta, duk ƙafarsa muka zuba wa ido.

Fedar ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake yin sama. Sai ta tsaya.